Rasuwar Wuƙar da Washi Ya Cinye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da babu makawa, maigidan da ke hawa na uku, ƙofar ƙarshe ta hannun hagu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar babbar wuƙar kicinsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannunsa, bayan doguwar jinya da shi da kansa ya jawo mata. Shekararta talatin da huɗu a gidan. Waɗanda ta yi a kanti kafin nan, babu mai shaida.

Marigayiyar ta shigo gidan ne tare da matarsa, tun suna ɗaki ɗaya da risho ɗaya. Faɗin ruwanta a lokacin yatsu uku ne, mariƙinta baƙin katako mai ƙusoshi uku. Yaran gidan sun taso suna zaton sunanta Kar-a-taɓa, domin da wannan kalmar kaɗai suka ji ana nuna ta.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata kyakkyawar shaida. Ba ta zaɓen aiki. Ta yanka nama a shekarun da akwai nama, ta yanka kabeji a shekarun da aka riƙa gaya wa yara cewa kabeji ya fi gina jiki. Tumatir ya nuna har ya yi luguf, sai ta ratsa shi ba tare da ta matse masa hawaye ba. Mutum biyu kawai ta taɓa yanka a rayuwarta, dukansu kuma sun nema: wani ƙanen maigidan da ya so ya kwance ƙusar rediyo da tsininta, sai maigidan kansa, wanda za a zo kan maganarsa.

Ta samu gata. Uwar yaran ba ta taɓa barinta ta jiƙu cikin ruwan wanke-wanke ba. Ana gama aiki za a wanke ta ita kaɗai, a goge ta tas, a kwantar da ita a gefenta na durowa, nesa da hayaniyar cokula. Mutum na iya ɓata wa uwar yaran rai da safe ya samu gafara kafin rana ta faɗi, amma wanda ya yanka abu da wannan wuƙa a kan faranti sai ya kwana uku ana amsa masa gaisuwa da hanci. Sau ɗaya a mako takan kife kofin tangaran, ta wasa ta a gindinsa. Shaf, shaf, shaf. Sai ta ɗan dakata. Sai kuma shaf. Uku na wuƙa ne, in ji ta, na huɗun na kunnenta ne, don ta ji ko kaifin ya zauna. Maigidan yana falo a bayan jarida, shekara talatin da ɗaya yana jin wannan ƙara, bai taɓa sanin saurare yake yi ba.

Shekara uku ke nan da uwar yaran ta riga mu gidan gaskiya. Ba a daɗe ba babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji muryar uwarta ba ta gaji haƙurinta ba, ta ce Baba ya tattara ya koma gidanta. Ta gyara masa ɗaki a ƙasa, babu matakala, da taga mai kallon bangon gareji. Hujjarta ita ce ya manta gas a kunne sau biyu. A ƙidayarsa sau ɗaya ne, na biyun yana sane, shayi yake jira. Da maganar ta yi tsawo, sai maigidan ya nuna durowa, a gaban ɗansa da maƙwabciyarsu, ya ce ranar da wuƙar uwarsu ta daina yanka a zo a ɗauke shi, kafin nan a bar shi da gidansa. Malamin lissafi ne mai ritaya, kuma ya yi lissafinsa: ƙarfen da bai ragu da ko faɗin gashi ba a shekara talatin da ɗaya, shi zai raka shi kabari. 'Yar ta ce ta ji ta yarda, Baba dai ya tuna magana zarar bunu ce.

A makon ne ya kife kofin tangaran don ya gwada abin da ya sha ji bai taɓa kallo ba, ya tsaga babban yatsansa. 'Yar ta ɗaure yatsan, ta dawo Lahadi da mawashin hannu, wani ɗan abu na roba mai mariƙi da tsaga biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. Takardar bayaninsa ta faɗa cikin harsuna shida cewa tsaga mai kaushi sai wuƙa ta dakushe sarai ake sa ta a ciki, domin ƙarfe take ci. Mai laushin ita ce ta yau da kullum, a ja a hankali daga gindi zuwa tsini, kada a danna. Maigidan ba ya zargin 'yarsa da komai. Bayani ya zo a rubuce, shi kuma mutum ne da ya yi rayuwarsa yana rage wa ɗalibai maki saboda rashin karanta umarni.

Washegari da safe ya dafe mawashin a kan tebur, ya sa marigayiyar a tsaga mai kaushi, ya ja. Gurrr, gurrr, gurrr, kamar ana jan kujera a siminti. Ya tsaya yana duba kaifin. Daga bayansa, wajen taga, inda uwar yaran ta saba tsayawa don haske, sai ya ji: shaf.

Ya waiwaya, ba kowa. Da yake ya yi jami'a, bai yarda da kunnensa nan take ba. Ya tuhumi labule, ya ɗaure shi. Ya tuhumi famfon maƙwabta. Ya karanta takardar maganin hawan jininsa tun daga sama har ƙasa, ya samu jiri da bushewar baki, bai samu wannan ba. Ya gwada tsaga mai laushi, shiru. Ya ja sau biyu a mai kaushi, shiru. Ya ja sau biyar, shiru. Uku dai, a mai kaushi, ya dakata, sai a cike masa na huɗun.

Daga nan jinyar ta fara. Abin da ake yi sau ɗaya a mako, da tausayi, ya koma na kowace safiya, da ƙarfi, ko da abin yanka ko babu. Wata rana burodi ne kawai a gidan, shi ma yankakke aka sayo shi. Kowace safiya yakan kaɗe mawashin, wani baƙin gari ya zubo, ya san kuma garin ko na wane ne. Ya ɗauko rula ya soma aunawa. Yatsu uku suka koma biyu. Biyu suka koma ɗaya da rabi. Cikinta ya lotsa kusa da mariƙi, har bakinta ya daina taɓa katakon yanka a tsakiya, albasa ta riƙa fitowa a haɗe kamar 'yan uwan da suka ƙi rabon gado. Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗan aji uku zai yi shi: duk safiyar da ya ji matarsa, ya matso da ranar da za a fitar da shi daga gidanta.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Sau ɗaya ya ɗora mawashin can saman kabad, inda sai da kujera ake kaiwa. Kwana huɗu ya yi. Gidan ya yi tsit, har yana jin firij na haɗiyar yawu. A rana ta biyar, mutumin da aka hana hawa matakala da sauri ya hau kujera da ƙafa ɗaya. Ran Lahadi kuwa, kafin 'yarsa ta iso ya riga ya yanka komai ya rufe durowa, ita kuma ta yi ta yaba masa, wai Baba ya zama gwanin kicin.

Ranar Talata, a ja na uku, marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe. Ƙas. Ta rabu biyu, daidai inda cikin ya lotsa. Maigidan ya tsaya da mariƙi a hannu, bai waiwaya ba, har shayinsa ya huce ya yi fata. Ba a cike masa na huɗun ba.

Gaskiya ta wajaba a sanarwar mutuwa, saboda haka za a faɗi abin da ya biyo baya. A ranar ya sauka kanti ya samo wata wuƙar mai baƙin mariƙi da ƙusoshi uku. Ya goge mariƙin da mai da ganyen shayi don ya tsufa, ya kuma shirya, in 'yarsa ta tambaya, ya ce hasken kicin ne ke sa a ga kamar ta ƙara faɗi. Ya sa ta a tsaga mai kaushi, ya ja uku, ya dakata. Babu shaf, ko labule bai motsa ba. Wuƙa ce mai kyau, mai biyayya, za ta yi wata shekara talatin tana yanka, da ita kuma zai iya zama a gidan har ƙarshen kwanansa ba wanda ya sani. Kwana biyu ya yi yana kallonta a kan tebur, yana kallon taga. Daga nan ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ƙofa ya ba ta ita kyauta. Wannan takarda ita ce farkon jin 'yarsa. Ya ɗauki waya sau uku don ya gaya mata, sau uku yana ɓugewa da tambayar lafiyar jikoki.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙanwa ɗaya, 'yar ƙaramar wuƙar ɓare lemo, wadda yanzu buɗe kwali kawai ta iya. Ta bar wuƙar burodi mai haƙora, da suka yi zaman doya da manja a durowa ɗaya. Ta bar katakon yanka, wanda duk wani zane da ke fuskarsa ita ta yi masa, bai kuma taɓa kai ƙara ba. Ta bar likitanta, mawashin hannu, cikin ƙoshin lafiya, babu alamar nadama a tsagoginsa biyu. An bincike shi an sallame shi, domin abin da hannu ya sa shi shi ya yi. Ta kuma bar maigidan.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a naɗe ta cikin takarda mai kauri a ɗaure da zare, kamar yadda ake yi wa duk mai kaifi, don ko a mace kada ta yanki hannun da bai san ta ba. Za a binne ta a gindin bishiyar da ke bayan gini, inda maigadi ya ba da izini bisa sharaɗin kada a taɓa masa bututun ruwa. Ba za a yi zaman makoki ba, saboda kujerun za su kasance a mota. Masu zuwa ta'aziyya su taho da kwali da igiya, masu ƙarfin baya su zo da wuri. Don Allah kada kowa ya kawo sabuwar wuƙa.

Motar kaya za ta tashi zuwa gidan 'yarsa da sha biyu. Kafin a miƙa makulli ga mai ginin, za a tsaya a ƙofar kicin a yi shiru na minti ɗaya, maigidan kuma zai jira a ƙasa. Duk wanda ya ji wani abu a cikin wannan mintin, ana roƙonsa ya bar shi a cikinsa har mota ta sha kwana.