Jinkar Arzika da Hasashen Mako Uku

A Tungar Ƙwarya, wani ƙauyen masunta da ke gaɓar ruwa a ƙasar Yawuri, akwai wani mutum ana ce da shi Arzika. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ya fito daga bakin mai takalmi sau-ciki, a wurinsa ya zama aya. Matarsa Tumba ta ce wuta na da zafi, sai ya ja da ita har la'asar. Amma mai biro a aljihu ya faɗi haka, sai ka ga ya gyaɗa kai yana cewa ilimi kogi ne.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ko kare ba ya iya haushi, sai ga wata farar mota ta shigo garin da wani jami'in hasashen yanayi. Aka tara mutane a gindin tsamiya. Jami'in ya warware wata ƙatuwar taswira mai launi-launi, ya nuna wani wuri da biro, ya ce nan ne gaɓarsu, kuma bana damina za ta makara. Ruwan farko, in ji shi, sai nan da mako uku.

Tsofaffi suka dubi juna, suka dubi sama. Arzika kuwa da ke zaune a sahun gaba, har gwiwarsa na taɓa takalmin baƙon, ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, mako ukun nan, babu ragi?"

"Babu ragi," in ji jami'in. "Na'urarmu tana can sama, sama da gajimare. Tana ganin hadari tun shi kansa bai san zai haɗu ba."

Maganar nan ta yi wa Arzika daɗi ƙwarai, don ta zo masa daidai wurin ƙaiƙayi. Jinkar ɗakinsa ta shekara huɗu ba a baibaye ta ba, ciyawar ta ruɓe, kana kwance kana hango shaho. Maƙwabta duk sun gyara nasu tun da rani, shi yana ta gobe, jibi. A garin kuwa akwai dokar da ba a rubuta ba amma kowa ya sha ta a nono: da zarar shamuwa ta sauka, ba a taɓa jinka. Shamuwa kuwa ta kwana biyar da sauka, har ta fara sheƙa a kan tsamiyar da aka yi taron a gindinta.

A cikin ɗakin nan ne Tumba ta jera kwandunan kifin banda. Wata biyu tana tsaye a kan hayaƙi, idanunta sun yi ja kamar gauta, tana jiran ranar kasuwar Yawuri. Wanda ya san banda ya san maƙiyinsa ɗaya ne a duniya, shi ne ruwa.

Washegari da safe Tumba ta yi shirin zuwa suna a tsallake. Ta ga mijin nata yana kewaya ɗaki yana duban jinka.

"Malam, mi kake dubi?"

"Jinka zan sauke."

"Yau? Ba ka ga shamuwa ba? Gawon bayan gida ya zubar da ganye, tururuwa tun jiya take kwashe ƙwanta zuwa tudu. Don Allah ka bari in kai kifina kasuwa."

Arzika ya yi dariyar tausayi. "Ke dai ba ki da magana sai ta tsuntsu da ƙwaro. Shamuwa aji nawa ta yi? Mutum ya zo da mota, da takarda, ki haɗa shi da tururuwa?"

"To ko kifin ka kai mini ɗakin maƙwabciyarmu Inno."

"In kwashe kaya a ce ina shakkar gwamnati? Ki tafi sunanki."

Mai kwalekwale na ta kira, dole ta tafi, tana waiwaye.

Kafin hantsi Arzika ya tara ƙarti shida. Suka ce masa anya, ya ce su dai su ɗaga. Suka ciccibi jinka suka dire ta a tsakar gida, ya yaye tsohuwar ciyawa kaf, ya bar ta tsirara sai sandunan tsaiko. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana duban ɗakinsa buɗe, yana jin kansa shi kaɗai ne wayayye a faɗin tungar.

Bayan azahar iska ta tsaya cik. Can sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Arzika ya duba, ya ce wucewa zai yi. Aka yi tsawa, ya ce ai cika baki ne. Ɗigon farko ya sauka masa a tsakar ka, ya ce raɓa ce. Daga nan sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ya ƙwala wa ƙartin nan kira, ina, kowa ya ruga kwashe nasa. Ya sunkuci kwando ɗaya, gindin ya zube. Ya yafa tabarma a kan na biyu, iska ta yi gaba da ita. Kafin ka ce kwabo ruwa ya kai idon sawu a cikin ɗaki, kifin da ya wata biyu da barin kogi ya koma iyo.

Ana cikin haka Tumba ta shigo, jiƙe sharkaf, zani na manne mata. Ta leƙa ɗaki. Ta dubi mijinta. Ta je ta raɓe a gindin rumbu ta naɗe hannu. Wallahi da ta zage shi tas da ya fi masa sauƙi.

Sai ga sallama daga ƙofar gida. Wane ne? Jami'in nan ne. Ashe ya kai wa tungar gaba irin wannan albishir, a kan hanyar komowa motarsa ta kafe a fadamar bayan gidan Arzika. Ga shi nan takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya laka ta cinye, ya kifa taswirar nan a ka, launukan na zuba a fuskarsa, shuɗi da kore.

"Bawan Allah, taimaka mini da wurin fakewa!"

Arzika ya share ruwa daga idonsa, ya ƙare masa kallo. "Yallaɓai, wanga da ke zuba, mi ne ne sunansa?"

"A'a, kada ka damu da shi," in ji jami'in, haƙoransa na kaɗawa. "Wannan ba ruwan damina ba ne. Na wucewa ne, mu a wurinmu ba ma sa shi a lissafi. Hasashenmu na nan daram."

"Alhamdu lillahi," in ji Arzika. "Bismilla, shigo daga ciki."

Ya kama hannunsa da girmamawa, ya kai shi har tsakiyar ɗaki, ya jawo kujerar Tumba da ke yawo a kan ruwa ya ajiye masa. Wata tarwaɗa ta zo ta daki ƙafar baƙon. Jami'in ya ɗaga kai, ruwa ya cika masa baki.

"Haba Malam! Ai ɗakin nan ba shi da rufi!"

"Da rufinsa, Yallaɓai, da maganarka na rufe shi. Zauna abinka, nan ciki sai nan da mako uku za a yi ruwa."