Rasuwar Injin Walda, Muryar Tauraro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai walda na bayan katangar cibiyar binciken taurari yana sanar da rasuwar injinsa, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi, yana tsaka da liƙa ƙafar kujera.

Marigayin ya yi shekara tara yana aiki. Bai taɓa raina ƙarfe ba, na ƙofa ne ko na baro. Maganarsa ɗaya ce, zzzt, zzzt, tas! Ashe duk lokacin da ya faɗe ta, ƙaton farantin nan na cibiyar, mai sauraren sama, yana ɗauka. Farfesan cibiyar ya shaida wa duniya cewa wani tauraro ne mai ƙarfin maganaɗisu yake watso sauti. Masana na ƙasashe huɗu suka haɗa kai, suka rubuta takardu bakwai, aka yi ta hawa jirgi zuwa taro. Wata ɗalibar Farfesa ta taɓa lura cewa tauraron yakan yi shiru idan aka ɗauke wuta a unguwa. Farfesa ya ce mata yarinya ce, ba ta san sama ba.

Ciwon ajali ya fara da tari, sai ƙauri, sai hayaƙi. Tauraron ma tun ranar bai ƙara cewa uffan ba.

Ya rasu ya bar tabarau mai tsagewa, waya mai faci goma sha ɗaya, ƙofar wata hajiya da ba a gama ba, da masana goma sha tara.

Iyalai suna godiya ga Farfesa, wanda ɗalibar ta jawo har rumfar walda jiya. Ya daɗe tsaye kan gawar yana share gumi, sannan ya rage murya ya ce, “Ƙanena, ba yadda za a yi ya tashi kafin Alhamis? Baƙi ne za su zo saurare.” Mai walda ya ce, “Ranka ya daɗe, wanda ya tafi ya tafi.”

Za a ɗauki marigayin a baro ranar Alhamis da ƙarfe goma, zuwa makwancinsa wajen masu gwangwan. Ba a buƙatar hoto. Yayan mai walda ya ba da aron nasa injin, za a ci gaba da aiki bayan jana'iza. Sai dai muryar wannan injin ta fi kauri, don haka ana shawartar Farfesa ya tanadi suna don sabon tauraro.