Hadarin Malam Tanimu

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Tanimu Mai Lasifika. Tun shekarar da ambaliya ta rusa mana gidaje ya naɗa kansa wakilin magudanar ruwa. Kullum yana yawo da lasifika a kafaɗa.

"Jama'a! Kwata ba bola ba ce! Mai zuba shara a kwata shi ne uban ambaliya!"

Ɓawon gyaɗa ka yar, sai ya bi ka har ƙofar gida da wa'azi. Ga cika baki. Wai shi ko ƙuda ya shiga gidansa sai ya wanke ƙafa. Wai kuma gwiwarsa ta hagu ta fi rediyo sanin ranar ruwa.

Abin da bai taɓa faɗa a lasifika ba shi ne, motar kwashe masai ba ta san hanyar gidansa ba. Ashe bututu ya binne daga ramin ban ɗakinsa zuwa kwatar ƙofar gida, ya toshe bakin da tsumma, ya rufe da katako. Da ruwa ya kece, sai ya zare tsumman. Ruwan sama ya kwashe ƙazantar ya kai rafin da 'yan ƙasan gari ke wanki, kowa na ɗaki, ba mai gani.

Ana nan, Mai Unguwa Sallau ya ce za a naɗa shi Sarkin Tsafta ranar Asabar bayan la'asar, har da duba-gari daga ƙaramar hukuma. Tanimu ya tasa mu gaba muka yashe kwatar layin tas, har kana iya shanya tuwo a ciki.

Sai dai fa ramin nasa ya cika maƙil, har ya fara tsami.

Ranar naɗi, yana cikin babbar riga fara ƙal, sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso, fuuu! Aradu ta ce ƙararara!

"Ladidi, Allah ya kawo mafita," ya ce da matarsa. "Kafin baƙi su zo an wanke komai."

"Malam, ka dai bari ya sauka tukuna."

"Ke! Gwiwata kike wa musu?"

Ya leƙa waje, kowa ya gudu. Ɗigo ya faɗo masa a hanci, ɗis! Ya ɗaga katako, ya fizge tsumma. Bul-bul-bul! Tsumman ma ya suɓuce ya bi ayari.

Wallahi kamar hadarin nan jira yake. Iska ta juya, ta kwashe shi ɗungurungum ta yi yamma da shi. Rana ta fito tarwai.

Tanimu ya ɗaga kai sama. "Haba! Haba dai! Ko yayyafi!"

Shiru. Sai kiɗan kalangu daga bakin layi. Ga Mai Unguwa riƙe da sabon rawani, ga Hajiya Talatuwa duba-gari, ga mu a baya ɗuuu.

Warin ne ya fara yi mana maraba. Makaɗi ya saki kalangu ya kama hanci. Tanimu ya cire hularsa ya danna a bakin bututu, ya mayar da katako, ya hau kai ya tsaya ƙiƙam yana murmushi.

"Malam Tanimu, mene ne wannan?" in ji duba-gari.

"Ranki ya daɗe, aikin 'yan saman layi ne. Kullum ina faɗa musu!"

Hajiya ta taka zuwa sama da gidansa ta leƙa. Kwata a bushe ƙayau, har ƙadangare na shan rana. Ta dawo.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan matsa daga kan katakon nan."

"Ai gwiwar ce ta riƙe, ranki ya daɗe."

Bai rufe baki ba, sai fot! Hular ta yi tsalle ta fito, ta kama hanya tana lilo a kan baƙin ruwa. Farar riga kuwa ta sha ado har ƙugu.

Mai Unguwa ya warware rawanin naɗin, ya naɗe hancinsa da shi.

Sai Baba Barau, tsohon da Tanimu ya taɓa tozartawa kan ɓawon rake, ya ɗauki lasifikar Tanimu da ta faɗi ƙasa, ya hura, ya gyara murya.

"Jama'a! A taya Malam Tanimu murna! Hadari ya tsallake gari kaf, a gidansa kaɗai aka yi ruwa!"