Rasuwar Folda Mai Suna Tarkacen Delbert

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daidai gwargwado, Delbert Hrynko, dattijon da ya yi wa boko sallama tun aji shida amma ya ga bayan manajoji bakwai a masana'antar kabad, yana sanar da rasuwar foldarsa, Tarkacen Delbert, bayan shekara ashirin da biyu tana bauta.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, amma duk awon da injinan yanka katako ke bi a cikinta yake. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai ɗan gurnanin kwamfuta in an buɗe ta, grrr, kamar tsohuwar kyanwa.

Ajali ya riske ta ranar Talata a hannun Mista Corwin Ashby, sabon manaja mai digiri biyu, wanda ya shawo kan mai kamfani, Madam Lorna, a sallami Delbert ranar Juma'a. Ko sunan tsohon ba ya son gani a allon kwamfuta. Sai ya canza wa foldar suna da hannu, bai sanar da rumbun da ke riƙe tarihin kowane fayil ba. Rumbu ya nemi folda mai tsohon sunan ya rasa, ya rubuta ta mutu. Mai sabon sunan kuwa bai san ta ba. Corwin ya tura wa rumbu aikin haka, sannan don tsabta ya danna a share duk abin da rumbu bai sani ba. Sabuwar ma ta bi sahu.

Delbert na tsaye bayansa riƙe da kofi, yana kurɓa yana kallo. Corwin ya waiwayo, gumi har wuya, ya ce, "Tsoho, ina ta shiga?"

"Ni da ban yi boko ba, ranka ya daɗe? Tambayi digirinka na biyu."

Ta rasu ta bar injina huɗu a tsaye, ma'aikata talatin suna buga karta, da Corwin, wanda ya kira matarsa yana kuka a wurin ajiye motoci. Delbert ya ji komai daga motar da ke gefe, ya cinye sanwicinsa tas.

Za a yi jana'iza Juma'a ƙarfe huɗu a ƙofar baya, inda mai gadi zai raka Corwin da kwalin kayansa, don Madam Lorna ta sauya sunan da ke kan takardar sallama. Ba a buƙatar furanni, donat Delbert ke karɓa. Kada kowa ya wahalar da kansa haƙa kabari, rumbu ba ya zubar da komai. Ƙarfe huɗu da minti biyar, da zarar motar Corwin ta fita get, Delbert zai buga wa rumbu umarni layi ɗaya a kwamfuta da yatsu biyu, marigayiya ta koma bakin aiki.