Gadar da Na Haɗa da Ƙaro

Ba zan taɓa mantawa da butar Malam Garba ba, wata shuɗiya mai tsagaggen murfi.

Muna aji uku a sakandaren 'yan mata, nan Potiskum, ya ce kowacce ta gina 'yar gada da abu biyu ko uku a haɗe, kamar yadda ake haɗa rodi da siminti. Wadda tata ta fi, ita za a kai gasa Damaturu. Ni kuwa ban taɓa wuce Gadaka ba.

Na tsaga karan dawa, na naɗe da zaren buhu, na shafe da ƙaron da na roƙa wurin kakata Iya, a unguwar Yerimaram. Ta bushe ƙam, tana ƙyalli.

"In ruwa ya taɓa ƙaron nan sakewa zai yi fa," in ji Iya.

"Iya, wannan kimiyya ce," na ce (ni da ko amsa suna a aji sai an ce in ɗaga murya).

Ranar gwaji aka ɗora kowace gada tsakanin tebur biyu, aka rataya bokiti, ana zuba yashi. Wasu suka karye tun a kofi na uku. Saura tawa da ta Falmata, wata baƙar gada mummuna da ta shafe da kwalta. Har na fara tunanin takalmin da zan sa.

Sai Malam ya ɗauko butar. "Gada a waje take kwana. Ga damina."

Ya yayyafa wa gadojin biyu ruwa, muka tsaya jira. Ni na fara ganin wani ɗigo yana saukowa da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Maimakon in yi magana, sai na matsa a hankali na tallafe ta da hannu ta ƙarƙashin mayafi, wai ba wanda zai lura.

Duk da haka gadar ta saki, bokitin ya faɗi a ƙafar Malam. Na ja da baya, gadar ta biyo ni, manne da mayafina. Malam har ɗingishi yake, amma bai yi faɗa ba.

"Ƙarfi kam akwai," ya ce yana ɓamɓare min karan. "Ƙarko ne babu."

Falmata ta tafi Damaturu, ta kawo min tsarabar alewa. Iya kuwa ragowar ƙaronta kawai ta tambaya.

Tun daga ranar, duk abin da zan yi alfahari da shi sai na fara zuba masa ruwa a gida, ƙofa a rufe.