Faifan Murja da Muka Ɗinke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Sadarwar Kasuwanci, jami'ar da 'yata Murja ke karatu, Allah ya ƙara maka daraja.

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya yi firamare har aji huɗu kafin malamai su gaji da shi, ina neman izini in kawo kuka.

Na ɗaya. Kun ce a bana ba za a auna ɗalibi da biro kaɗai ba, sai ya haɗa tallar haja a kwamfuta, da rubutu da zane, ya miƙo a faifai. Madalla. Murja ta yi layi a ƙofar ɗakin kwamfuta da takalmi a hannu, ta jira a kawo wuta, ta haɗa tallar riɗin garinmu. Da hutu ta zo da faifan gida, ɗan baƙin abu kamar tafin hannu, ta ce in adana, digirinta na ciki.

Na biyu. Ranka ya daɗe, a Gagarawa abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Na kai wa Ilu baduku ranar kasuwar Maigatari, ya rufe shi da jar fata, ya bi gefe da ɗinki. Ni da kaina na ce ya ƙara ɗinki a tsakiya don kada ya yi motsi. Shin a cikin dukan iliminku, babu wanda ya tuna ya rubuta “kada a huda” da Hausa a jikin abin? Ko kuwa an ɗauka ɗalibai ba su da iyaye masu dabara?

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta sosu. An ce da ta koma ta miƙa faifan, kwamfuta ta ƙi karanta shi, malaminsu ya ba ta sifiri ba tare da ya ko yaba aikin fatar ba. Ba jan hankalin mai saye kuke koyarwa ba? Na ji har masinja ya leƙo kallo.

Yarinyar nan ta iya abinta. Tun da ta dawo take gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo, uwarta kuwa ta ɓoye mini har rediyo.

Ina roƙo a bar ta ta sake kafin a kafe sakamako, kada ta maimaita shekara saboda basirata. In dole sai an rubuta sifirin, sunana na ƙasa, akwai fili a gefensa.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Ubale Hamma, Gagarawa Tasha
Satumba, 1997