Kwamitin Duba Cibiya

Jama'a, jiya na kwaye riga a gaban manya uku, kuma wallahi da hankalina. Ku tsaya ku ji dalili.

Maƙwabcina Dogo maigadi ne a wata ma'aikata, shekara goma sha tara yana buɗe ƙofa yana sara wa motoci. Kwanakin baya ciwon ciki ya kayar da shi, likita ya ce tsakuwa ce ta cika masa maɗaciya, sai an cire ta. Matarsa ta sha kuka da ta ji wai ta huda ɗaya za a yi aikin, ta cikin cibiya. Likitan ya kwantar mata da hankali: a hannun wanda ya ƙware ba abin tsoro ba ne, in kuma abu ya cije za su ƙara huda ko su buɗe cikin. Allah ya taimaka bai cije ba. Kwana biyu aka sallamo shi, tabon ma ya ɓuya a lungun cibiya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya koma aiki bayan mako uku ya tarar da takardar tuhuma. Yallaɓai Shugaban Sashe, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce ya ɗaga riga.

"Ina aikin?"

"Ta cibiya aka yi, ranka ya daɗe."

"Cibiya kowa na da ita."

Takardar asibiti, aka ce ana buga irinta a kasuwa. Tsakuwar da ya kawo a kwalba, aka ce a bakin titi ya tsinto. Nan take aka kafa kwamitin mutum uku: ranar Laraba ya kawo tabo, ko ya karɓi takardar kora. Shi kuwa Yallaɓai, bara wata huɗu ya yi a ƙasar waje kan ciwon haƙori, ba wanda ya ce ya buɗe baki.

Dogo ya same ni ido jajur. 'Ya'ya shida, ga ritaya saura shekara guda. "Ɗan'uwa, har likitan na koma na roƙe shi ya ɗan tsaga ni ko kaɗan ne, ya kore ni."

To ni ina da tabo taki guda, na zamanin da likitoci ke buɗe mutum kamar akwati. Na ce, "Ba ni hularka da kakinka."

Dogo dogo ne siriri, ni gajere mai tumbi. Sau uku na naɗe ƙafar wandon. Na shiga gaban kwamitin a matsayin Dogo, na tabbata asirina zai tonu. Ina! Ba wanda idonsa ya wuce ƙirjina. Ɗaya ya sa rula ya auna tabon.

"Yauwa, wannan shi ne aiki! Me ya hana ka nuna mana tun farko?"

Suka sa hannu, suka buga hatimi.

Na fito da albishir, Dogo na jira a bayan katanga. Na zaci zai tuntsire da dariya. Ya karɓi hularsa yana jujjuya ta a hannu.

"Cikinsu ba wanda ya ce wannan ba Dogo ba ne?"

Har yanzu tambayar nan na ci mini rai.

Saboda haka mai shirin aikin cibiya, kada ka ji tsoron likita, shi ya san aikinsa. In ofis ya nemi tabo, nawa yana nan, aro kyauta. Fuska dai ba a dubawa.